Koriyar Fitilar Rauta Ba Shaida Ba Ce



Bara na rasa shiga wata gasar gajerun labarai saboda koriyar fitila. Saura minti arba'in a rufe karɓar labarai na danna turawa, shafin ya tsaya yana ta juyi. Na duba rauta, fitilunta duk kore, sai na ɗora wa kwamfuta laifi, na kashe na kunna har sau uku. Kafin in farga in koma kan datar waya, sha biyun dare ta buga.

Daga baya na gane cewa a yawancin rautoci fitilar nan tana nuna an haɗu da turken sabis ne kawai. Abin da ke bayan turken, ba ruwanta. Ku tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka: sandunan sabis cike a wayoyinmu, amma shafuka sun ƙi buɗewa.

Ra'ayina shi ne duk wanda ya ɗauki rubutu sana'a, yana tura shafuka ga masu karatun da suka biya kuɗi, ya kamata ya koyi saita rautarsa ta riƙa gadin layi da kanta. Idan rautar mai ɗaukar layi biyu ce, ka shiga saitinta ta adireshin da ke manne a jikinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ka nemi sashen sa ido kan layi. A can za ka ba ta adireshin da za ta riƙa aika wa ɗan saƙon gwaji mai suna ping, misali 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare. Sa guda biyu, don kada ɗaya ya yi shiru ta yanke wa lafiyayyen layi hukuncin mutuwa. Ni na sa ta gwada duk bayan daƙiƙa 10, in an rasa amsa sau 3 a jere ta koma layi na biyu. Ka kuma sa ta ɗan jinkirta kafin ta dawo layin farko, in ba haka ba sai ta yi ta kai-komo duk lokacin da sabis ke rawa.

Na san wata za ta ce, “Malam, ni kuɗin data ma da ƙyar nake haɗawa.” Gaskiya ne. To, ko layin wani kamfani daban a tsohuwar waya ya wadatar, ke ce za ki zama mai gadin: shafi ya yi minti ɗaya bai buɗe ba, ki sauya layi, kada ki tsaya kallon fitila.

Layi biyun ma suna iya faɗuwa rana ɗaya, don haka a daina jiran daren ƙarshe. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma rubutun da aka gama bai isa hannun alƙalai ba ya fi ciwo.

Wa ya taɓa yin irin asarata? Allah ya ƙara mana basira.