Ganawar Aikin Binciken Kasuwa: Iya Manhaja Ya Fi Haddar Turanci

Kamfanin da ke son sayar da taki ko fitilar sola a Karaye da Rogo sai ya fara sanin abin da mutane ke saya da nawa za su iya biya. Wannan ne aikin kamfanonin binciken kasuwa irin su Ipsos da Kantar, da masu jin ra'ayin jama'a kamar NOIPolls ta Abuja. Ma'aikacin da ke Legas ba zai iya zama da masunta a bakin Dam ɗin Challawa ya yi hira da su ba, shi ya sa ake ɗaukar 'yan gari su tattara bayanai da waya.

Kuskuren matasa da yawa idan an kira su ganawa shi ne su kwana suna haddace amsoshi da Turanci. Mai ɗaukar aiki kuwa abu biyu yake dubawa: iya manhaja da riƙon amana.

Na farkon ana iya koyonsa cikin mako guda. KoboToolbox kyauta ce, manhajarta ta Android, KoboCollect, tana aiki ba tare da intanet ba, sai an samu sabis ta tura bayanan. Matashin da ya haɗa fom mai tambayoyi 10 kan layin wayar da mutane suka fi amfani da shi, ya gwada shi kan mutum 20 ranar kasuwa, ya riga ya samu abin nunawa. Gani ya kori ji.

Na biyun ya fi nauyi. Fom ɗin na iya adana wurin da aka cike shi ta GPS da lokacin farawa da gamawa, masu sa ido kuma sukan sake kiran wasu daga cikin waɗanda aka yi wa tambayoyi. Wanda ya zauna gindin bishiya ya ƙirƙiri amsoshi, asirinsa zai tonu. Saboda haka idan aka tambayi mai neman aiki me zai yi da wanda ya ƙi amsawa, amsar ita ce ya yi godiya, ya rubuta cewa an ƙi, ya wuce gaba.

Gaskiya ne aikin na kwanaki ne, ba albashin wata ba. Amma ƙwarewar tana nan: ƙidayar 2023 da aka ɗage ma da na'urorin hannu aka shirya yin ta. Duk wanda kuma ya nemi kuɗin fom kafin ganawa, ɗan damfara ne.