Kamfanonin gwamnati: an sauya mai gida, shin an sauya halin aiki?

Tun farkon shekarar 2024 rarraba ruwan pampo a biranen Nijar ya koma hannun kamfanin gwamnati na NDE, bayan ƙarewar kwangilar SEEN, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke riƙe da kashi 51 cikin 100 na jarinsa tun 2001. A watan Yunin 2025 kuma hukumomi suka ƙwace Somaïr mai haƙar uraniyom a Arlit. Jama'a da dama sun yi maraba da waɗannan matakai da sunan ƴancin ƙasa. Sai dai ga magidancin da pamponsa ya ƙafe a Damagaram, tambayar ɗaya ce: yaushe ruwa zai zo?

Rabin amsar na ga kuɗi da kayan aiki. Ɗaya rabin yana cikin biro, wato yadda ake ɗaukar ma'aikaci, yadda ake yanke shawara, da abin da ke biyo bayan ƙwazo ko sakaci.

Harkar sadarwa ta isa darasi. An sayar da Sonitel ga ƴan kasuwar waje a 2001, daga baya gwamnati ta karɓe shi, a 2016 aka haɗe shi da SahelCom aka samar da Niger Telecoms. Duk da haka Airtel, Moov da Zamani ne suka mamaye kasuwar salula. Dalili a fili yake: kamfanin da ya san mai saye zai iya canza layi gobe ba ya wasa da matsalar rezo. NDE da NIGELEC kuwa ba su da abokin gasa, don haka matsin gyara sai dai ya fito daga cikin gida.

Abubuwa uku ne ma'aikata da masu hulɗa da irin waɗannan kamfanoni suka fi kuka da su. Na farko, naɗin shugabanni bisa siyasa ko sanayya: daraktan da ya san kujerarsa na hannun wanda ya naɗa shi, sama yake kallo, ba mai biyan kuɗin ruwa ba. Na biyu, tattara iko wuri guda: idan sayen ƙaramin kayan gyara a Tawa ko Maraɗi sai an jira sa hannu daga Yamai, bututun da ya fashe zai yi kwanaki yana zuba. Na uku, albashi da ƙarin girma da ke bin yawan shekarun aiki kawai, ta yadda mai himma da mai zaman kashe wando ke tashi da lada ɗaya. Sannu a hankali mai himmar ma sai ya saki jiki.

Hukumar COLDEFF da aka kafa a 2023 na bin sawun dukiyar ƙasa da aka wawure, amma makara, jan ƙafa da tsoron ɗaukar alhaki ba laifuka ba ne da ake kai mutum kotu a kansu. Maganinsu shi ne ɗaukar aiki ta hanyar jarrabawa, rattaba wa kowane darakta yarjejeniya mai ƙayyadaddun manufofi, ba rassan jihohi ikon kashe kuɗin gyaran gaggawa, da wallafa rahoton kuɗi kowace shekara. Ita ma gwamnati dole ma'aikatunta su riƙa biyan kuɗin ruwa da wuta kan lokaci.

Idan ba a yi haka ba, talaka ne zai biya sau biyu: takardar ƙarshen wata, da kuɗin ƴan ga-ruwa.