Ra'ayinmu: Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, da wuya a sami wani a cikinmu, ko daga Tudun Wadar Gusau ya fito, ko Sabon Gari, ko Tsafe, ko Bungudu, wanda bai san wani gida ba inda a ke da ɗan da ba a son ambaton sunansa gaban baƙo. In an tambaya sai a ce ya tafi neman kuɗi, ko kuwa a ce iska ce ta taɓa shi. Alhali kuwa unguwa duka ta san kodin ne ko tiramadol ya kama shi. An sha yin wa'azi a kan yadda samari ke faɗawa cikin wannan rami. Mu yau tambayarmu ita ce, in ɗayansu ya ɗago kai yana son fitowa, me ya ke tararwa a bakin ramin?

Bari mu fara da girman al'amarin. A farkon 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta fitar da sakamakon binciken da ta yi. An gano mutum miliyan 14.3 ne, 'yan shekara 15 zuwa 64, su ka yi mu'amala da kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 3 daga cikinsu a nan Arewa maso Yamma. Mutum miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba da umurnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari mai sa maye. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, cikin waɗanda abin ya yi wa mugun kamu, wajen 40 cikin 100 sun ce suna son magani amma ba su samu ba. Dalilan da su ka bayar kuwa sun haɗa da tsada, da rashin wurin zuwa, da tsoron tsangwama.

A watan Mayu na 2018, bayan binciken da BBC ta nuna a kan cinikin kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi ƙasar nan. Madalla da wannan mataki. Amma fa doka ƙofar kanti ta ke rufewa, ba ta cire ƙishirwar da ta riga ta zauna a jiki. Kodin da tiramadol dangi ɗaya ne. In mutum ya daɗe yana sha, jikinsa kan saba, har abin da ya ishe shi jiya ya kasa isarsa yau. Ranar da ya daina kuwa sai ciwo ya taso: gumi, da zawo, da amai, da ciwon gaɓoɓi, da hamma, da rashin barci. Wannan kan tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa bayan mako guda ko fiye, amma kwaɗayin abin kan yi watanni yana dawowa. Saboda haka wanda ya yi alkawari ya karya ba lalle ne maƙaryaci ne ba. Sau da yawa ciwo ne ya fi ƙarfinsa. Kuma akwai haɗarin da iyaye da yawa ba su sani ba, watau wanda ya yi makonni bai sha ba, in ya koma ya sha daidai yadda ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa, domin jikin ya riga ya sauka daga wancan sabo. Tiramadol mai lamba 225 da a ke sayarwa a ɓoye kuma yana jawo farfaɗiya. Ashe ke nan wannan aiki na likita ne, kuma akwai magungunan da a ke taimaka wa mai dainawa da su.

To, me ke hana zuwa wurin likitan? Kunya. Uba yana tsoron a gan shi da ɗansa a layin asibitin ƙwaƙwalwa, a ce gidan wane akwai mahaukaci. Uwa tana tsoron ranar da masu binciken aure za su zo unguwa. Sai a kulle yaro a ɗaki, ko a kai shi can nesa inda ba mai gani. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda su ka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, su ka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu danginsu ne su ka kai su da hannunsu, da nufin a gyara su. In mace ce abin ya kama, ɓoyon ya ninka, domin ita ko ta warke ba a yafe mata. Wanda kuma Allah ya taimaka ya daina, sai ya dawo ya tarar sunan "ɗan ƙwaya" yana jiransa. Majalisa ta watse in ya zauna, mai gareji ya ce ba gurbi, in an ɓatar da waya shi a ke fara kallo. Wurin da kaɗai za a yi masa maraba shi ne wurin abokan shansa na da. Ina mamaki in ya koma?

Kunya ado ce ga Bahaushe, ba mu musa ba. Ita ke hana mutum aikata abin assha. Amma kunyar da ke hana kai mara lafiya asibiti tsoron bakin mutane ce kawai, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu sun karantar da mu labarin sahabin nan da a ka yi ta kawowa gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya la'ance shi, sai a ka hana shi la'antar, a ka shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. In ƙofar tuba a buɗe ta ke, da wane iko mu za mu rufe ƙofar zaure?

Wasu za su ce sassauci zai ƙarfafa ɓarna. Amsarmu ita ce a bambance mai sayarwa da mai neman kuɓuta. Wanda ke cin riba da lalata 'ya'yan mutane, musamman a jihar da ƙwaya ta zama guzurin 'yan bindiga a daji, Hukumar NDLEA ta kama shi, kotu ta hukunta shi. Wanda ya zo da ƙafarsa yana neman magani kuwa, a karɓe shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Hanya tana nan. Likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, zai iya duba mutum, in ta kama ya tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna. Sai dai ga talakan Tsafe ko Kwatarkwashi, kuɗin mota da halin da hanyoyinmu ke ciki sun isa su karya masa gwiwa. Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara da ta horad da ma'aikata a kan wannan jinya, ta ajiye su a manyan asibitocin Tsafe da Bungudu, a riƙa ganin mutane cikin sirri da mutunci, kamar yadda Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da a ka sa wa hannu a farkon 2023 ta tanada.

Mu ma akwai namu nauyin. A gidaje da yawa mu ne 'yan boko da a ke jin maganarsu, to, mu zauna da iyayenmu mu fahintar da su cewa wannan ciwo ne mai magani. In ɗan ɗakinmu ne, mu raka shi asibitin makaranta, kada mu mai da shi abin hira. Muna roƙon hukumomin makarantu su ba ɗalibin da ya kawo kansa hutun jinya maimakon takardar kora. Ma'aikacin da abokin aikinsa ya dawo daga jinya, ya rufa masa asiri, ya kuma ci abinci kwano ɗaya da shi. In ya zame, a sake kama hannunsa, domin sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.