Amurka: Bayanan marasa lafiya da haɗewar asibitoci

A watan Fabrairun 2019 ne wasu manyan ƙungiyoyin asibitoci biyu a Amurka, Dignity Health da Catholic Health Initiatives, suka haɗe suka zama CommonSpirit Health, mai asibitoci kimanin 140 a jihohi 21.

Jan aikin shi ne haɗa bayanan marasa lafiya, domin asibitocin sun zo da manhajoji daban-daban, kuma ba lalle ne likita a wannan asibiti ya ga magungunan da aka rubuta wa majinyaci a wancan ba.

Tushen lamarin dai shi ne wata doka da Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu a 2009, wadda ta ware dubban miliyoyin daloli domin asibitoci su bar takarda su koma kwamfuta. Sun koma, amma da tsada. Ƙungiyar asibitocin Partners HealthCare da ke Boston ta ware kimanin dala miliyan dubu 1 da miliyan 200 wajen kafa manhajar kamfanin Epic, wadda ta fara aiki a babban asibitinta na Brigham a 2015.

Ƙaramin asibitin karkara ba shi da irin wannan ƙarfi. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa irinsu miƙa wuya ga manya, waɗanda kan yi alƙawarin shigar da su cikin tsarinsu tun a teburin ciniki.

Sai dai idan aka ɗaure asibitoci da igiya guda, abin da ya sami ɗaya kan shafi saura. A watan Oktoban 2022 masu kutse da ke neman kuɗin fansa suka afka wa kwamfutocin CommonSpirit. A jihohi irin su Washington da Iowa ma'aikatan jinya suka koma rubutu da hannu, aka ɗage wasu ayyukan jinya. Bayanan mutane fiye da 600,000 ne abin ya shafa, kuma ƙungiyar ta ƙiyasta asarar kimanin dala miliyan 160.

Masu goyon bayan haɗewa kan ce rumbun bayanai guda zai inganta jinya. Hujjar hakan ba ta da ƙwari tukuna. Wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a 2020 ya gano cewa a asibitocin da aka saya yawan mace-mace bai sauya sosai ba, yayin da gamsuwar marasa lafiya ta ɗan ragu.