FILIN MATA: Mene Ne "Next of Kin"?

Ran Laraba da la'asar wata maƙwabciyata a nan Goron Dutse ta shigo mini ido jawur, tana riƙe da takardar banki ta maigidanta. Wai 'yarta 'yar makaranta ta karanta mata, ta ga a gurbin da aka rubuta "next of kin" sunan ƙanensa ya sa. Ta ce, "Malama, shekara 14 ina gidan nan, ashe ƙanensa ne magajinsa?" Na ce ta zauna tukuna ta sha ruwa.

Da Turanci "kin" dangi ke nan. "Next" kuwa, wanda ku 'yan makaranta kuka sani da "na gaba", a tsohon Turanci ma'anarsa "mafi kusa". Watau makusancin mutum a cikin danginsa. Abin da banki ko asibiti ko makaranta suke nufi da shi, shi ne wanda za a nema idan wani abu ya sami mai takardar, ciwo ko hatsari ko rasuwa. Iyakarsa ke nan.

Gado fa ba a ofis ake raba shi ba. Ga Musulmi, Suratun Nisa'i ta riga ta yanka wa kowa rabonsa. Matar mamaci tana da tumuni, watau ɗaya bisa takwas, in akwai 'ya'ya. In babu, rubu'i. In da kishiyoyi, wannan kason za su raba. Ƙanen da ya hana maƙwabciyata barci kuwa, tun da tana da ɗa namiji, ko kwabo ba shi da shi. Banki ma ba ya miƙa kuɗin mamaci ga mai sunan haka kawai, sai an kawo takardar kotu.

To, wa za ki rubuta a taki? Ni dai ban ga amfanin sa kawun da ke Legas don girmamawa ba. Sa baligin da zai iso da sauri, ki haɗa da lambar wayarsa, ki kuma gaya masa kin sa shi. Wadda ta buɗe asusu tun tana budurwa ta duba tata, watakila har yanzu sunan marigayi mahaifinta ne a kai. Ana iya sakewa.

Maƙwabciyata dai ta koma gida da fara'a, amma ta ce duk da haka sai ta tambayi maigidan dalili bayan isha'i.