A auna maganin ruwa tun a kan iyaka

A shekara ta 2022, yara wajen 70 sun rasu a ƙasar Gambiya bayan sun sha maganin tari mai guba. Ido ba ya ganin wannan guba, ga ta kuma da zaƙi a baki.

Masana sun ƙera wata ƴar na'ura da ake riƙewa a hannu. Tana haska ruwa da wani haske da idonmu ba ya gani. Kowane sinadari yana shan hasken nan ta hanyarsa, da haka ake gane shi. Gaskiya ne, ba komi take kamawa ba. Duk da haka muna roƙon hukuma ta ba ƴan duwan da ma'aikatan lafiya irinta, a auna magani kafin ya shigo kasuwanninmu na karkara.