Kagoro Na Da Dutse, Kaciya Na Da Citta, Saura Baƙi

A ƙasar Italiya, idan Juma'a ta yi da yamma, ma'aikatan manyan birane irin su Turin da Milan sukan kulle ofis su hau mota su nufi ƙauyukan kan tudu. Can za su kwana biyu a gidan manomi, su ci abin da ya noma, su sha ruwan inabin gonarsa, ran Lahadi kuma su cika bayan mota da cuku da man zaitun su koma gida. Kuɗin da aka samu a birni ke nan ya koma ƙauye da ƙafarsa.

Mai karatu zai ce ai Turai ce, dā ma can masu arziki ne. To, ba haka abin yake ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tuddan Lange da ke lardin Fiyamonte wuri ne na fatara, samari suna ta gudu zuwa Turin neman aiki a kamfanin motoci na Fiat, kamar dai yadda samarin Arewa ke kwararowa Ikko da Badun da Fatakwal. Abin da ya juya al'amarin dabara ce da doka. A 1963 gwamnatinsu ta kafa dokar kare sunan wuri, wato ba mai ikon liƙa sunan Barolo ko Kiyanti a kwalba sai inabin daga can ya fito. A 1985 aka yi dokar da ta bai wa manomi izinin saukar da baƙi da ciyar da su a gonarsa. A 1986 kuma wani mutumin garin Bra mai suna Carlo Petrini ya tayar da ƙungiyar kare abincin gargajiya, bayan da McDonald's ta buɗe shago a tsakiyar birnin Rum. Ya zuwa 2014 hukumar UNESCO ta sa gonakin inabin tuddan nan cikin wuraren tarihi na duniya.

Duk wanda ya san Kudancin Kaduna ya san Allah bai rage ta da komai ba a wannan fanni. Ga Dutsen Kagoro tsaye a kan garin, ga ruwan Matsirga yana zubowa daga kan dutse kusa da Kafanchan, ga iska mai sanyi da ruwan sama wadatacce. Ga ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, waɗanda masana suka tabbatar sun haura shekara 2,000. Ran 1 ga Janairun kowace shekara mutanen Kagoro na yin bikin Afan, mutanen Ham kuma na da nasu bikin Tuk Ham a Kwoi. Kafanchan kanta mahaɗar jirgin ƙasa ce tun 1927, inda layin Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya Kaduna ɗaya Jos, shi ya sa garin ya tara kowace irin ƙabila.

Abinci kuwa sai wanda ya ci. Akwai tuwon acca da faten acca da yakuwa, akwai kunun tamba, da doya da gwaza, da miyar riɗi, da zumar da ba a sirka ta da sukari ba, ga nono da man shanu daga rugagen Fulani. Uwa-uba citta. Nijeriya na cikin manyan ƙasashen da ke noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga Kaciya da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu take fitowa. 'Yan kasuwar waje sun san ta da yaji da mai.

Amma ina sunan Kaciya yake a jikin wannan citta? Manomi ya fasa ta, ya shanya a kan dutse, ya ɗura a buhu, dillali ya saya da araha, a yi lodi zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. 'Yan Arewa ne ke dakonta a Ikko. Daga nan ta haye teku, a niƙa ta, a tatse manta, a zuba a kwalba da sunan wani kamfani, har wata ma ta dawo kantunan Ikoyi da tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da cutar ruɓewar citta ta afka wa gonaki a daminar 2023, manoma da yawa suka wayi gari ba iri ba jari, domin ƙwai ɗaya ne a kwandonsu. Manomin Italiya idan inabi ya ƙi, yana da ɗakin baƙi da tukunyar matarsa.

Wani zai ce maganar giya fa? Gaskiya ne Musulmi ba ya sha, kuma Kiristoci da dama a yankin, musamman 'yan Ikilisiyar ECWA, ba sa kusantarta. Masu burkutu da bammi suna nan, sun san inda suke haɗuwa. Darasin da ke cikin kwalbar Italiya shi ne sunan garin da aka rubuta a jikinta. Lemon citta da zoɓo da zuma za su ɗauki sunan Kaciya da Kwoi ba tare da an saɓa wa addinin kowa ba. Haka ma wajen nama. Kafanchan na da babbar kasuwar aladu, tana kuma da mahauta Musulmi da masu tsire da balangu. Mai masauki mai hankali zai raba tukunya, ya gaya wa baƙo gaskiyar abin da ke cikin kwano.

Babbar magana ita ce ta tsaro, kuma ɓoye ta ba shi da amfani. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren da aka yi ta kai wa ƙauyuka a shekarun baya, sun bar tabo a kowane ɓangare. Ba mai ɗaukar iyalinsa ya kai su inda yake tsoro. Wannan nauyi yana wuyan gwamnati, ita ce da sojoji da 'yan sanda. Sai dai kasuwa ma tana da nata aiki. Ranar da mai gidan saukar baƙi a Kagoro ya dogara da nonon Bafillatana, mai tsiren Kafanchan kuma ya dogara da baƙin bikin Afan, kowa zai yi tunani sau biyu kafin ya saurari mai zuga.

Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Jaba da Kaciya da Zangon Kataf su zauna da sarakunansu su tsara ranakun bukukuwa yadda ba za su ci karo ba, su gyara hanyar Matsirga da ta Nok, su yi rajistar gidajen da ke iya saukar da baƙi. Ƙungiyoyin manoma su nemi tambari guda na cittar yankin, gwamnatin jiha ta tsaya musu. Abuja da Jos tafiyar 'yan sa'o'i ce, can masu albashi suke, kuma suna neman wurin hutawa.

Su kuma 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Fatakwal, nasu aikin bai wuce ƙarfinsu ba. Akwai yaran da aka haifa a Kudu, sun iya Yarbanci, sun san amala, amma ba su taɓa ganin gonar acca ba. Ƙungiyoyin gari da ke tara kuɗi duk wata don biki da jana'iza za su iya ɗaukar mota guda sau ɗaya a shekara, su kai iyali gida, su sayi zuma da citta hannu da hannu daga manomi. Mai shago a Mile 12 kuma ya riƙa gaya wa mai saye daga wane gari kayansa suka fito. Idan ɗan gida bai zauna ya ci tuwon gida ba, da wane baki zai kira baƙo? Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.